Sharhi kan Mod Organizer 2: gano fayil ɗin da ya ɓata maka Skyrim

Duk wanda ya saba zuba fayiloli da hannunsa cikin foldar Data ta wasan kwamfuta na Skyrim ya san inda hanyar take ɓullewa. Kwana biyu na farko komai lafiya lau. Daga nan sai a wayi gari dutse ya koma launin shunayya, ko fuskar wani mai gadi ta yi duhu alhali wuyansa da hannayensa farare ne, ko kuma wasan ya rufe kansa tun kafin shafin farko ya bayyana. Idan aka koma neman abin da aka taɓa sai a rasa ta inda za a fara, domin mod na biyu ya riga ya danne fayil ɗin mod na farko, na biyar ya danne na biyun, kuma babu inda aka rubuta wane ne ya hau kan wane. Mod dai shi ne ƙunshin gyara da 'yan wasa ke haɗawa domin canza kamanni, dokoki ko labarin wasa.

Wannan ciwon kai ne Mod Organizer 2 ta zo magancewa. Manhaja ce ta kyauta, buɗaɗɗiya, wadda masu aikin sa kai ke kula da ita. Wanda ya fara ƙirƙirar Mod Organizer, mai suna Tannin a intanet, ya koma aiki da shafin sauke mod na Nexus Mods a 2016 inda ya jagoranci gina Vortex, wata manhajar jera mod, wasu kuma suka ci gaba da riƙe wannan. Tana aiki da Morrowind, Oblivion, Fallout 3, New Vegas, Fallout 4 da Skyrim, amma a nan za a tsaya kan Skyrim Special Edition na 2016, domin a kansa ne aka fi samun irin waɗannan matsaloli, kuma a kansa ne ƙarfin manhajar da rauninta suka fi fitowa fili.

A faɗi gaskiya tun farko: ba ta gyara komai da kanta. Babu maɓallin da za ka latsa wasan ya warke. Abin da take yi shi ne ta hana ka lalata foldar wasan, sannan ta nuna maka ƙarara wane fayil ne wasan yake karantawa a yanzu. Ga mai neman bakin zare, waɗannan biyun su ne rabin aikin.

Dabarar ita ce kowane mod yana zaune a foldarsa daban, can cikin wata folda mai suna mods. Ba a kwafe ko fayil ɗaya zuwa Data. Sai lokacin da ka kunna wasan daga cikin manhajar ne wani sashe nata mai suna USVFS yake shiga tsakani, ya nuna wa wasan wata Data haɗaɗɗiya wadda ba ta wanzu a faifai ba, an jera ta ne kawai daga foldojin nan bisa tsarin da ka shimfiɗa. Ka rufe wasan, ta ɓace. Ka buɗe Data ta ainihi, ka tarar da ita yadda Steam, manhajar da ake saye da sauke wasan ta cikinta, ya bar ta. Saboda haka cire alamar zaɓi daga gaban mod daidai yake da ba a taɓa saka shi ba, kuma fayil ɗin da ya danne a da yana dawowa nan take, tunda ba a goge shi ba tun asali.

Kafin a amfana da wannan sai an fahimci cewa rigima iri biyu ce a Skyrim, kuma galibin masu farawa a nan suke ruɗewa. Akwai rigimar fayiloli: siffar abu mai ƙarewa da nif, fentin da ke lulluɓe shi mai ƙarewa da dds, rubutun umarni mai ƙarewa da pex. Idan mod biyu suka kawo fayil mai suna ɗaya a hanya ɗaya, guda ne kawai zai ci. Akwai kuma rigimar bayanai da ke cikin fayilolin esm, esp da esl: ƙarfin takobi, launin gashin mutum, abin da ke cikin akwati. Nan ma wanda aka loda a ƙarshe shi ke ci, amma bayani ɗaya-ɗaya, ba fayil gaba ɗaya ba. Manhajar ta raba fuskarta gida biyu daidai da wannan. Jerin hagu na fayiloli ne, wanda ya fi ƙasa shi ke danne na sama. Jerin dama na tsarin lodin esp ne. Jera hagu ba ya gyara dama, jera dama kuma ba ya gyara hagu, sai a wuri ɗaya da ya kamata a riƙe: ƙunshin bsa, wato fayil guda da aka tattara fayiloli da yawa a cikinsa, yana bin esp mai sunansa ne, don haka tsakanin bsa da bsa jerin dama ke yanke hukunci, sakakken fayil kuwa, wanda ba ya cikin ƙunshi, kullum shi ke cin wanda ke cikin bsa, ko da mod ɗinsa yana can saman jeri.

A ɗauki matsalar duhun fuska a duba ta kusa, domin ita ce ta fi nuna amfanin wannan rabuwar. A ce Lydia, mai tsaron da ake ba ka a Whiterun, ta fito da fuska mai duhu da layi a wuya inda launin ya rabu da na jiki. Wasan ba ya ƙera fuskokin mutanensa a lokacin da ake bugawa, an riga an ƙera su an ajiye. Ta Lydia tana fayil biyu: 000a2c8e.nif a ƙarƙashin meshes\actors\character\facegendata\facegeom\skyrim.esm, da 000a2c8e.dds a ƙarƙashin textures\actors\character\facegendata\facetint\skyrim.esm. Bayanin kamanninta kuma, wato gashi, ido da launin fata, yana cikin esp. Idan fayilolin fuskar sun fito daga mod ɗaya, bayanin kuma ya fito daga wani mod ɗin da aka loda daga baya, ko da canza mata makami kawai ya yi, sai su saɓa, fuskar ta yi duhu. A Mod Organizer 2 sai ka shiga shafin Data a ɓangaren dama, ka bi hanyar har ka iso fayil ɗin, a gabansa za ka ga sunan mod ɗin da ke bayar da shi. Ka ga rabin amsa ke nan cikin minti ɗaya. Ɗaya rabin sai ka buɗe SSEEdit, manhajar da ke nuna bayanan cikin esp, ka rubuta 000A2C8E a gurbin neman lamba, ka duba shafin ƙarshe na dama domin ganin esp ɗin da ya ci. Idan sunayen biyu ba su zo ɗaya ba, ka kama ɓarawon. Ko dai ka sauko da esp ɗin mai fuskar ƙasa, ko ka haɗa ɗan faci, wato ƙaramin esp, da ya ɗauki kamannin daga wannan, makamin daga wancan.

Fentin shunayya ya fi sauƙi. Ma'anarsa siffar tana kiran fayil ɗin dds da wasan bai samu ba. Sau da yawa ba ɓata ya yi ba, an shirya ƙunshin ne a karkace, ya zama Data cikin Data, ko an saka komai cikin wata folda mai sunan mod ɗin. Manhajar tana yi wa irin wannan mod alama cewa babu bayanan wasa da ta gane a ciki, kuma tun a wajen girkawa tana ba ka damar nuna mata foldar da za ta ɗauka a matsayin Data. Wani lokaci kuma siffar ta fito daga mod ɗaya ne, fentin da take nema yana cikin wani mod ɗin da ba ka sauke ba. Danna mod sau biyu ka shiga shafin Conflicts: zai jero maka fayilolin da ya ci, da waɗanda aka ci shi, da sunan wanda ya ci shi. A jerin hagu ma akwai 'yar alamar walƙiya, mai alamar tarawa ga wanda ke danne wasu, mai alamar ragewa ga wanda ake dannewa. Abin da ya fi burgewa a nan shi ne ana iya ɓoye fayil guda ɗaya tak. Manhajar tana ƙara masa .mohidden a ƙarshen suna, wasan ya daina ganinsa, na ƙarƙashinsa ya fito. Ba sai ka zubar da mod mai fayil dubu ba saboda fayil ɗaya da ya lalace. A lura dai, ba ta leƙa cikin bsa sai an kunna mata hakan a saituna, kuma an rubuta a wurin cewa har yanzu abin gwaji ne.

Idan wasan yana mutuwa kafin shafin farko, fara da jerin dama. Mafi yawan lokuta wani esp ne ke dogara da uwar fayil da ba ta nan, kamar facin da aka yi don haɗa mod biyu alhali ɗaya ne kawai ka saka. Manhajar tana sa jar alamar gargaɗi a gabansa, ka ɗora linzami a kai ta faɗa maka sunan abin da ya ɓata. Ka kuma ƙirga: cikakkun fayilolin esm da esp ba sa wuce 254, tare da biyar na wasan kansa, wato Skyrim, Update, Dawnguard, HearthFires da Dragonborn. Masu alamar esl suna raba gurbi ɗaya mai lamba FE, kuma suna iya kaiwa 4096. Wani sanadin kuma shi ne saka mod na tsohon Skyrim na 2011 a Special Edition. Ƙunshin bsa ɗinsu ba iri ɗaya ba ne, wasu siffofin ma suna kayar da wasan sai an juya su da kayan aiki irin su Cathedral Assets Optimizer.

To idan babu alama ko ɗaya fa? Nan ne manhajar ta fi kowace daraja a ganina, saboda tana mayar da bincike ya zama lissafi. Ka kwafi furofayil ɗinka, wato jerin mod ɗinka da manhajar ta adana da suna, ka ba shi wani suna domin kada ka taɓa na ainihi. Ka kashe rabin mod ɗin da ke ƙasan jeri, ka kunna wasan. Idan matsalar ta tafi, mai laifin yana cikin waɗanda ka kashe. Idan tana nan, yana cikin waɗanda suka rage. Ka sake raba rabin da ake zargi biyu. Mai mod 200 ba zai wuce zagaye 8 ba, domin 2 sau kanta har sau 8 ya kai 256. Da hannu a cikin Data wannan aikin kwanaki ne, a nan kuwa zaɓar layuka ne da yawa a kashe su lokaci ɗaya. Abu biyu ne ke ɓata gwajin. Na farko, kashe uwa a bar 'ya'yanta, sai ka haifar da sabuwar faɗuwa ka ɗauka tsohuwar ce, don haka ka duba jar alamar nan bayan kowane zagaye. Na biyu, gwaji da tsohuwar ajiyar wasa. Kada ka yi. A shafin farko ka buɗe akwatin umarni da maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, ka rubuta coc riverwood, ko sunan wurin da abin ke faruwa, wasan zai jefa ka can da sabon mutum marar tarihi. Akwatin umarnin yana da wani amfani kuma: ka danna abin da ya lalace, lambarsa ta fito, haruffa biyun farko su ne gurbin fayil ɗin da ya fara ƙirƙirarsa a jerin dama. Sai dai bai nuna wanda ya gyara shi a ƙarshe ba, wannan sai SSEEdit ko mod ɗin More Informative Console.

Yanzu ga inda take gazawa, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Ikonta ya tsaya a kan Data. Duk abin da ake ajiyewa kusa da SkyrimSE.exe, kamar skse64_loader.exe da fayilolinsa na dll, ko d3d11.dll na ENB mai gyara haske da launin wasan, yana shiga foldar wasan ta ainihi ne, manhajar ba ta san da shi ba. Mutum sai ya kashe mod gaba ɗaya, matsalar tana nan daram, ya rasa dalili, ashe tsohon dll ne ke kwance a waje. Akwai ƙarin da ake saka mata mai suna Root Builder da ke rufe wannan giɓin, amma sai ka nemo shi ka saita shi da kanka. Ya kamata a ce tuntuni wannan ya zama cikin jikin manhajar.

Wannan kuma ya kai mu ga SKSE, ƙarin da ke faɗaɗa umarnin da mod ke iya bai wa wasan, wanda ke ɗaure da sigar wasa ɗaya tak. Siga 1.5.97 tana tafiya da SKSE 2.0.20, siga 1.6.640 da 2.2.3, siga 1.6.1170 da 2.2.6. Tun da aka fitar da Anniversary Edition a ranar 11 ga Nuwamba 2021, duk sabuntawar da Steam ya yi a ɓoye tana iya kashe dukkan mod masu dll a dare ɗaya, ko da mod ɗin Address Library yana rage wahalar. Mod Organizer 2 ba ta hana Steam sabuntawa. Kai ne za ka shiga saitunan wasan a Steam ka zaɓi kada a sabunta sai ka kunna shi da kanka, sannan ka riƙa kunna shi ta SKSE daga cikin manhajar kawai. Idan ana zargin dll, a duba foldar SKSE da ke cikin Documents\My Games\Skyrim Special Edition, nan ake rubuta wanne ya loda wanne ya ƙi. A saka Crash Logger ma, domin rahotonsa yakan ambaci sunan fayil ɗin nif ko esp da wasan ke riƙe da shi lokacin da ya faɗi.

Sai foldar Overwrite, wadda ke can ƙasan jerin hagu. Duk sabon fayil da wani kayan aiki ya ƙirƙira yana ƙarƙashin manhajar, a nan yake faɗawa: abin da Nemesis ko FNIS suka haɗa na motsin jiki, jikunan da BodySlide ya gina, saitunan da wasu dll ke rubutawa. Overwrite tana cin kowa, kuma dukkan furofayil suna ganinta. Wannan tarko ne na gaske. Ka cire mod ɗin motsi, amma fayilolin da aka haɗa dominsa suna nan a Overwrite, sai mutanen gari su tsaya ƙiƙam hannuwa a miƙe kamar an shanya riga, suna zamewa a ƙasa ba sa taka ƙafa. Maganin shi ne bayan kowane aiki ka mayar da abin da ke ciki ya zama mod mai suna, ko ka saita kowane kayan aiki ya riƙa zuba nasa a mod ɗin da ka ware masa, kuma ka sake gudanar da Nemesis duk lokacin da ka ƙara ko ka rage motsi. Manhajar tana gargaɗi idan Overwrite ba fanko take ba, sai dai gargaɗin ɗan ƙarami ne a kusurwa, bai kai girman haɗarin ba.

Haka kuma dole kowane kayan aiki a kunna shi daga cikinta. Ka buɗe SSEEdit ko LOOT daga waje, za su ga Data fanko su ce maka babu mod ko ɗaya. Ba ta ganin cikin esp, don haka rigimar bayanai aikin SSEEdit ne, jera lodi kuma aikin LOOT ne, wanda shi ma shawara yake bayarwa bisa jerin da al'umma ke kula da shi, bai san abin da kake so ya ci ba. Saboda yadda USVFS ke shiga cikin wasu manhajoji, masu kashe bairos sukan tare ta, alamar hakan ita ce wasan ya tashi ba tare da mod ko ɗaya ba. A girka ta a wajen Program Files, a folda mai gajeren suna a tushen faifai, a kuma cire foldar daga binciken mai kashe bairos. An gina ta don Windows ne. Tana cin wuri, tunda tana riƙe ƙunshin da ka sauke da kuma mod ɗin a warware. Fuskarta kuma cike take da shafuka da ƙananan alamomi, ranar farko ba ta da daɗin kallo.

Ga wanda ya riga ya ɓata Data da hannu kafin ya zo gare ta, girka manhajar ba zai wanke abin da ya wuce ba. Mutane da yawa suna dogara da binciken fayiloli na Steam, wanda ke cikin Properties, ƙarƙashin Installed Files. Yana da amfani, amma aikinsa mayar da fayilolin asali da aka canza ko aka goge ne kawai. Ba ya share baƙon fayil. Sakakken dds ɗin da ka zuba bara yana nan, kuma zai ci gaba da cin na cikin bsa. Ga shi kuma zai ɗaga maka wasan zuwa siga ta ƙarshe ko ba ka so. Wanki na gaskiya shi ne a cire wasan, a goge abin da ya rage a foldarsa da hannu, a kwashe Skyrim.ini da SkyrimPrefs.ini zuwa wani wuri, a sake girkawa, a kunna shi sau ɗaya daga Steam domin ya rubuta sababbin saituna, sannan a kawo Mod Organizer 2. Daga nan a kunna zaɓin da ke ba kowane furofayil nasa fayilolin ini. Amma a tuna, da zarar an yi haka, gyara na cikin Documents ba ya tasiri, sai a yi gyaran ta editan ini na cikin manhajar. Wannan ma ya sha ruɗa mutane.

Game da Vortex, ita ma tana ajiye mod a gefe, sai dai tana dasa mahaɗai na gaske cikin Data, tana kuma warware rigima ta hanyar dokoki na wane ya zo bayan wane. Ga mai mod 20 da ke son komai ya jeru da kansa, ta wadatar, kuma ta fi sauƙin shiga. Ga wanda ya wuce 100, ko yake taɓa fayiloli da kansa, jerin da ake ja da hannu ana gani da ido ya fi saurin kai mutum ga mai laifi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake fifita Mod Organizer 2 a wannan aikin.

Wuri ɗaya ya rage da babu manhajar jera mod da ke iya kaiwa, shi ne ajiyar wasa. Rubutun umarni na Papyrus, wato fayilolin pex, da ke gudana suna shiga cikin fayil ɗin ajiya su zauna. Ka cire mod mai irin waɗannan a tsakiyar wasa, Data ta koma tsaf, amma ajiyar tana ci gaba da kiran abin da babu. Wani lokaci ba a ganin komai sai bayan awanni, sannan lodi ya fara nauyi, ko wani aiki na labari ya maƙale, ko wasan ya riƙa faɗuwa a ƙofa ɗaya. Shafin Saves yana nuna maka fayilolin esp da ajiyar ke nema waɗanda ba a kunna ba, kuma yana iya sake kunna su idan suna nan. ReSaver na cikin FallrimTools yana share ragowar umarnin da suka zama marayu, amma ba ya mayar da abin da suka riga suka canza a duniyar wasan. Don haka kafin saka duk wani mod mai fayilolin pex, a yi cikakkiyar ajiya ta hannu a cikin ɗaki marar jama'a, a latsa maɓallan adana kwafin jeri da ke saman hagu da saman dama, sannan a kunna zaɓin ajiya ta kowane furofayil domin ajiyar gwaji kada ta gauraya da ta ainihi. Idan mod ɗin bai yi ba, a koma waccan ajiyar da wancan jerin tare.